Waƙar da Aka Yi da Leɓe

Litinin, 10 ga Mayu, 1999
Wani dattijo ya zo daga Makera, Malam Dalhatu. Wai tare suka yi aiki da Baba a masaƙa. Shi da tsoffin ma'aikata suna son rera waƙar Baba ranar da soja za su miƙa mulki, ko muna da kaset? Mama ta ce, "Na ƙone su tun ranar da aka kama shi." Ta shige ɗaki.

Ni ina firamare lokacin. Abin da na sani, Baba, wato Ɗanladi mai garaya, ya zagi soja a waƙa, ya mutu a tsare, ya bar mu da wahala. Ban taɓa jin waƙar ba.

Alhamis, 13 ga Mayu
Wai me ya faɗa a ciki har ya kai ga rai?

Lahadi, 16 ga Mayu
Daga coci na zarce Makera, ban gaya wa Mama ba. Ikon Allah! Ashe ƙarar injin ba ta barin a ji magana a masaƙa, sai dai a karanta leɓe. Da aka hana waƙar, haka suka riƙa yin ta a bakin aiki, leɓe na motsi, babu murya. Musulmi da Kirista, sabo ya koya wurin tsoho.

"'Yata, kalmomin duk muna da su," in ji Malam Dalhatu. "Muryar ce ta ɓace mana."

Ya karanto min baiti biyu. Babu zagi ko ɗaya. Sunayen ma'aikatan da aka ɗauke ne, da tambayar ina suke. Kunya ta kama ni.

Laraba, 26 ga Mayu
Na tambayi Mama ko tana tuna muryar. Ta ce in ina son zaman lafiya in bar zancen.

Juma'a, 28 ga Mayu
Ni na gayyato su Malam Dalhatu gwajin waƙar a tsakar gidanmu, da gangan. Tsofaffi, kowa na jan nasa kamar awaki a kasuwa. Mama na wanki, ta ba su baya. Can ta yar da sabulu.

"Haba Malam, ba haka Ɗanladi ke yin ta ba!"

Ta ɗauko ta daga farko, kumfa har gwiwar hannu. Ban san Mama na da murya ba. Da sunayen suka ƙare, ba ta tsaya ba, ta ƙara nasa.

Asabar, 29 ga Mayu
Na ce rakiya kawai zan yi wa Mama zuwa wurin rera waƙar. Yanzu ga shi muryata ta dishe.