An ce in sa ɗalibata ta ƙaryata kanta a gaban asambili

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, ba don tsoro ba, sai don akwai yara a cikin maganar. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukun.

Ni malama ce, 'yar Kudan, aure ya kawo ni Makarfi, ina koyar da Hausa a wata sakandare da ke wani ƙauye a yankin nan, ba zan faɗi sunanta ba. Ni ke kula da kulob ɗin 'yan jarida na makarantar, wato yaran da ke tattara labarai su karanta a asambili duk ranar Litinin, wa ya ci ƙwallo, yaushe za a fara jarabawa, wani lokaci har tsadar rake a kasuwa suke sakawa mu yi ta dariya.

A daminar bana aka yi ruwa da iska, bangon wani sabon aji da aka gina mana bara ya rufto ana tsakiyar darasi. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ya danne wata yarinya, Hafsatu zan kira ta, ƙafarta ta karye, har yanzu tana kwance a gida mai ɗori na zuwa. Ni da kaina na ɗauki guntun bulon, wallahi da yatsa na murje shi ya koma yashi, kamar daga nesa aka nuna masa siminti. Firinsifal ya tara mu ya ce iska ce, ƙaddara ce, kada ya ji maganar a waje.

Shugabar kulob ɗin nan wata yarinya ce 'yar aji biyar, bari in ce mata Rukayya, 'yar wani manomin rake daga wajen Dandamisa. Ta kawo min labaran da za ta karanta, sai na ga ta saka maganar bangon, ta faɗi yadda bulon yake, ta kuma ce ajin da ke jikinsa, wanda mutum ɗaya ya gina su, shi ma ya tsage kuma har yanzu yara na zama a ciki. Ta ce, "Malama, in cire ne?" Na ce, "Akwai ƙarya a ciki?" Ta ce babu. Na ce, "To ki karanta." Ta tsaya a asambili ta karanta. Ashe wani ya ɗauka a waya, ya ɗora a Fesbuk, kafin yamma bidiyon ya zagaye Makarfi har Ikara.

Wani matashi daga wani gidan rediyo a Zariya ya zo ya ɗauki muryar baban Hafsatu da tawa, har suka sanar za a saka shirin. Lokaci ya yi muka kewaye rediyo, sai muka ji tallan maganin basir. Da na kira matashin ya ce, "Malama ki yi haƙuri, an kira oga daga sama, ni ma aikina nake tsaro." Shi ke nan maganar ta mutu a can.

Daga nan firinsifal ya rufe kulob ɗin. Ya kira ni ofis ya ce ranar Litinin mai zuwa Rukayya za ta tsaya a asambili ta ce ƙarya ta yi, zuga ta aka yi, ni kuma in tsaya a gefenta in tabbatar. In ta ƙi zai kore ta kafin jarabawa, ni kuma zai sa a yi min taransifa zuwa wani lungu can bayan Kurmin Kogi. Na ce masa ranka ya daɗe, a kai ni duk inda za a kai ni, can ma 'ya'yan mutane ne kuma allo iri ɗaya ne, amma bakina ba zai faɗi haka ba.

To ga inda abin ya fi ci min rai. Ɗan kwangilar da ya gina ajin nan yayan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma na san haka lokacin da na ce wa yarinyar ta karanta, ba zan ɓoye muku ba, kuma ban yi nadama ba. Yaya Alhaji ya zo har gida ya ce na tona masa asiri, na haɗa kai da 'yan adawa, ni da ko katin jam'iyya ban taɓa riƙewa ba. Na ce masa Yaya, ba a ambaci sunanka ba, bango aka ambata, ka je ka rushe ɗayan ka sake ginawa magana ta ƙare. Ya tashi ya fita ko ruwan da na kawo bai sha ba. Surukata Inna ta kira ni tana kuka, wai na raba mata 'ya'ya. Mijina mutumin kirki ne, shi da bakinsa ya ce min bulon ba shi da kyau, amma jiya ya ce in ba zan yi abin da aka ce ba, in tafi Kudan in huta tukun. Kun san me wannan ke nufi. 'Ya'yanmu uku.

Kowa sai ce min yake yaro ba ya magana a kan manya, wai rashin tarbiyya ne, makaranta ba wurin siyasa ba ce. To wa Rukayya ta zaga? Abin da ta gani da idonta ta faɗa, ƙawarta ce a ƙarƙashin bangon. Kuma ku ji gyaran da aka yi, an shafe tsagar ɗaya ajin da filasta an yi fenti, yara sun koma ciki, ga damina ba ta wuce ba. Duk hadarin da ya haɗu sai gabana ya faɗi.

Shekaranjiya baban Rukayya ya zo ƙofar gida a kan mashin, daga gona yake ko wanka bai yi ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, ni ke na ba wa yarinyar nan. In kin ce ta faɗa, za ta faɗa. In kin ce kada ta faɗa, ko korarta za a yi ba za ta faɗa ba." Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi, domin yanzu karatun 'yarsa a bakina yake.

Ni dai abu ɗaya na yanke, ba zan tsaya a asambili in sa ta ƙaryata kanta ba, wanda zai ce min in yi hakan don Allah kada ya wahalar da yatsunsa. Abin da nake tambaya shi ne, in tsaya a ƙin kawai, ko in fito da fuskata a Fesbuk in ce ni na ba ta izini, don a bar yarinyar a dawo kaina? Ko akwai inda ake kai irin wannan ƙara a saurari mutum ba tare da an kira wani daga sama ba? Iyaye mata da ke cikin nan, ya zan yi da mijina, ba na son aurena ya mutu, ina son sa. Malamai 'yan uwana, in aka kori yarinyar nan akwai hanyar da za ta bi ta zauna jarabawa?

Yaran nan duk ido suka zuba min. In na sunkuyar da kai ranar Litinin, da wane baki zan shiga aji ranar Talata in ce musu ƙarya haramun ce? Ku faɗa min, in ku ne ya za ku yi?