Bayan Kati Na Uku

Litinin, 7 ga Oktoba

Ƙuri'unmu sun iso ta gidan waya, tawa da ta Eusebio. Kati uku kowa, gaba da baya. Littafin bayani na jiha ya fi shafi ɗari, ga na gunduma daban. Eusebio ya auna su a hannu ya ce, "Herlinda, wannan ai sai a tokare ƙofa da shi." Na ce mutumin da ya jira takardar zama ɗan ƙasa shekara goma sha ɗaya bai kamata ya yi wasa da zaɓe ba. Ya koma kan talabijin ɗinsa. Mijin nan!

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bayan addu'ar carbi a coci aminiyata comadre Amparo ta ce, "To malama, yaushe za mu ga takardarmu?" Shekara ashirin ke nan ni nake karanta littattafan nan, in rubuta E ko A'a a gaban kowane ƙuduri, ita ta buga kwafi ta raba. Bana mutum goma sha uku ne, har da Doña Chayo da idonta ya mutu rabi. Na yi musu faɗa kamar kullum, na ce lalaci zunubi ne. Suka yi dariya kamar kullum.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ramiro ya zo cin abinci, a makare, kuma bai je coci ba. Ɗana, mai shekara talatin da huɗu. Na gode Allah dai, shekara biyu bai taɓa kwalbar giya ba, tun da ya samu tuƙin ƙaramar bas ɗin garin nan mai kai tsofaffi asibitin birni. Amma ban faɗa masa ba, yabo yana lalata shi.

Yana cikin ci ya ce, "Amá, a ƙuri'ar bana akwai wani abu can baya, ina so ki..." Na ce, "Ni za ka koya wa zaɓe? Tun kana ɗan makaranta nake wannan aikin. Je ka aske wannan gemun tukuna." Ya ce to. Ya ƙara miya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ina shafi na arba'in a littafin jiha. Kakar lemo ta fara, tsayuwar awa tara a wurin aikina na shirya shi a kwali. Na karanta ƙuduri ɗaya sau uku ban san abin da na karanta ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na gama. Shugaban ƙasa, majalisa biyu, ƙudurorin jiha goma, alƙalai da ban taɓa jin sunansu ba, hukumar ruwa, hukumar makarantu, har da hukumar maƙabarta. Takardun talla sun cika akwatin wasiƙa, wannan ya ce malaman makaranta na goyon baya, wancan ma ya ce malaman makaranta na goyon baya. Da na kai bayan kati na uku bayana kamar zai ɓalle. Ƙudurorin gunduma da na gari huɗu ne a wurin, masu haruffa. Kowanne na ga kalmar haraji a layinsa. Littafin gunduma ban buɗe ba, a nan dai zan iya faɗa. Na bi abin da kowa ke yi a jihar nan: abin da ba ka gane ba ka ce A'a, ai A'a ba ta taɓa komai, abu ya zauna yadda yake. A'a huɗu. Na cike tawa da ta Eusebio, ya sa hannu a ambulan, na miƙa wa Amparo takarda.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ranar zaɓe. Mu tuni muka jefa namu. Na ga layi a gaban makaranta, masu barin komai sai ranar ƙarshe.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ramiro ya biyo da yamma, bai ko zauna ba. Ya ce da babansa, "T yana baya kaɗan, amma ba a gama ƙirga na gidan waya ba." Eusebio ya ce mene ne T. Ya ce, "Bas ɗinmu mana, Apá. Harajin da ke riƙe da ita ne wa'adinsa ya ƙare, sabuntawa ake nema. In bai samu kashi biyu cikin uku ba, ƙarshen shekara an ajiye mota."

Ina wanke tukunya. Na ci gaba da wanke ta.

Da ya tafi na buɗe littafin gunduma. Shafi na ashirin da biyu, ga shi ɓaro-ɓaro, har da sunan bas ɗin. Ba sabon haraji ba ne. Tun shekara goma sha biyar muke biyansa. Wannan karon A'a ce mai taɓawa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Har yanzu ana ƙirga. Ban je addu'ar carbi ba, na ce ciwon kai.

Su ma da laifinsu. Wa ya ce a jibga wa mutum abu arba'in a rana ɗaya? Wa ya ce a kai bas ɗin tsofaffi can bayan kati, ƙasan layin hukumar maƙabarta? Kuma matan nan ba su da ido ne? Shi kansa Ramiron, namiji ne, da ya buɗe baki ya ƙarasa maganarsa.

Bai ƙarasa ba don na hana shi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Doña Chayo ta kama hannuna a ƙofar coci. "Herlinda, wai da gaske za a ɗauke mana mota? Wa zai kai ni wankin ƙoda? Wane marar tsoron Allah ne ya ƙi?" Na ce mu yi ta addu'a. Amparo tana gefe, ta dube ni, ta dubi ƙasa.

Talata, 3 ga Disamba

An rufe ƙirga. T ya faɗi. Jarida ta ce da mutum tara cikin masu A'a sun ce E, da ya wuce. Mu goma sha biyar ne, in an haɗa da ni da Eusebio.

Asabar, 7 ga Disamba

Ramiro ya ce wani abokinsa zai sama masa tuƙin tirela a Nevada. Kwana biyar a hanya, shi kaɗai, kowace tasha da kantin giya. Ban yi barcin kirki ba tun ranar Talata.

Juma'a, 20 ga Disamba

Na ɗauki hutun yini, na kira ofishin bas na ba da sunana kamar kowa. Da Ramiro ya tsaya a ƙofarmu ya gan ni sai ya ce, "Amá, lafiya? Wa ba lafiya?" Na ce ja motarka. Na zauna a baya. Na ga yadda yake sauko da kujerar guragu, yadda ya san wanda ke son taga da wanda ke jin jiri. Wani tsoho yana ce masa kyaftin. Ban san haka aikin yake ba. Ban taɓa tambaya ba.

A filin asibiti, da suka shiga duka, na faɗa masa. Duka, har da kwafin.

Ya ce, "Na sani, Amá. Doña Chayo ta nuna min takardarki washegarin zaɓe, tana alfahari wai ba ta kuskure ko ɗaya ba."

Wata ɗaya da rabi yana cin abinci a teburina.

Na ce me ya sa bai yi magana ba. Ya ɗaga kafaɗa, "Da wa?"

Ranar biyu ga wata mai zuwa zai tafi. Ya ce zai riƙa kira daga hanya in ina so. Na ce ina so. Sai ya zaro sigari ya kunna a gabana, ban ma san yana sha ba. Na buɗe baki zan yi faɗa. Sai na tambaye shi ko akwai sanyi a Nevada.