Shin Lasa Ma Ci Ne?

Yaya,

Na fita aiki kina barci. Kyanwar nan ta sake yin amai a ƙofar kicin, na wanke wurin.

Ni fa kaina ya ɗaure. Likitan dabbobi ya ce a ba ta magani bayan ta ci abinci. To ita da ba ta ci, yaushe ne bayan? Na marmasa mata kifi, ta shinshina ta kau da kai. Da na juye a kwanon Mama, Allah ya jiƙanta, sai ta ɗan lasa, ta kwanta a gefensa.

Lasa ma ci ne? Ban ba ta maganin ba. Ki kira likitan.

Don Allah kada ki ɗauke kwanon. Ban sani ba ko cikinta ke ciwo, ko ita ma Mama take nema.

Ƙanwarki