Sakin da ke Shafi na Talatin da Biyu

Zuwa ga ɗana Harisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya sa wa kasuwarku ta shanu albarka, ya tsare ku a hanya. Mu nan Daura alhamdu lillahi. Mun gama yankan gero, dawa ce ta rage a gona. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta je suna Zango ta dawo a kan babur. Jikarka Madina, 'yar Mansur, ta fara tafiya, ba abin da take bari a tsakar gida. Ina cikin farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba, amma kuma raina a ɓace yake da kai. Shi ya sa na zaɓi rubutu, don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Bari in faro maka daga farko, tunda kai tsakiyar labari kawai ka ji ka yanke hukunci. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yankinmu ta shirya wasan da za a zagaya da shi garuruwa shida bayan kaka, a fara daga Zango, a bi ta Mashi, a ƙare a nan Daura. Shugabansu Zakiyyu ya yi shela cewa duk mai son fitowa, ɗan wasa ko mawaƙi, ya zo a gwada shi. Mutum sama da ɗari suka taru a wata makarantar firamare. Ɗanka Mansur ya je, matarsa Sadiya ma ta nemi izini ta je. Ni na raka su. Kowa ana ba shi takarda ɗaya ya karanta, mawaƙa kuma a ce su rera ba kiɗa ba amshi. Da Sadiya ta buɗe baki, masu surutu a baranda suka yi tsit, wata mai sayar da gyaɗa ta ajiye farantinta a ƙasa ta leƙo ta taga. Shekara uku yarinyar nan tana gidanmu, ban san Allah ya ba ta wannan murya ba. Zakiyyu ya ce ita za ta fito a matsayin matar gidan, wadda duk wasan a kanta yake.

A nan ka shigo. Da Mansur ya gaya maka, sai ka ce surukarka ba za ta tsaya gaban jama'a wani ƙato yana ce mata matarsa ba, in dai za ta fito to mijinta na gaske ne zai fito mijinta. Ba ka tambayi me wasan ya ƙunsa ba. Zakiyyu ya ga Mansur bai yi laifi a gwaji ba, ya amince, ya ba shi cikakken littafin wasan. Ɗan naka kuwa ya jefar da shi kan tabarma a zaure ya tafi kallon ƙwallo. Ni na ɗauka, na sa tabarau, ina bi da yatsa, kwana uku ina karantawa. Labarin wata mata ce da ta ɗebi irin geron mijinta a ɓoye ta ba ƙaninta wanda shukarsa ta ƙone. A shafi na talatin da biyu mijin ya gane, ya dube ta a gaban mutane ya ce ya sake ta. Harisu, ka lissafa da kanka. Garuruwa shida, ban da ranakun koyo, kuma igiyar aure uku ce.

Na nuna wa Mansur, ya yi dariya ya ce ai wasa ne, Kaka. Na ja shi muka je wurin Malam Nu'uman limamin unguwarmu. Malam ya ce akwai malaman da suke ganin mai faɗin maganar wani ba sakinsa ba ne, amma shi ba zai ba ɗansa shawarar ya gwada ba, don saki ba abin wasa ba ne. Ya ƙara da abin da ya sa Mansur ya daina dariya. Ya ce ko da malamai sun wanke ku, mutanen gari shida da suka ji da kunnensu fa? Ranar da Sadiya ta sake haihuwa, akwai wanda zai ce ai wannan a gabana aka sake ta a Mashi. Muka je wurin Zakiyyu a kan ya cire wannan magana. Ya ce in an cire ta babu wasan, sai dai a sa wani namiji ya fito mijin, tunda wanda ba aure tsakaninsu ba abin da zai tsinke. Mafita ke nan mai sauƙi, amma sharaɗinka ya toshe ta.

Abin da ka yi daga nan shi ne ya fi ƙona mini rai. Maimakon ka ce ka yi kuskure, sai ka nemi lambar Zakiyyu ka kira shi ka zage shi, ka ce yana son kashe auren ɗanka, ya goge sunayensu duka biyu ko ku haɗu a kotu. Wa ya haɗa Mansur da wannan matsayi in ba kai ba? Mutumin nan malamin makaranta ne mai iyali, ya kusa sa'arka, ya zo har zaurena yana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Ya ce zai ba wata yarinya Rauda matsayin Sadiya. Ita kuwa Sadiya, don kai surukinta ne, sai ta ci gaba da girki da shara, amma kwana uku mahaifiyarka tana kwashe tuwonta yadda aka zuba shi. Kana can nesa kana ba da umarni a waya, mu ne muke kallon idon yarinyar.

Mahaifiyarka ce ta kawo mafita, ita ma cikin tsiya ta faɗa. Ka san tun ranar da aka kawo Sadiya nake tsokanarta da matata, ita kuma ta ce mini maigida ina cefane. Sai tsohuwar ta ce, kai da kullum kake cewa matarka ce, ai sai ka je ka sake ta a huta. Kowa ya yi dariya ban da ni. Na koma wurin Malam Nu'uman, ya tabbatar mini kakan miji muharrami ne, babu aure tsakanina da ita har abada. Ba igiyar da zan tsinke, ba kuma wanda zai ce baƙon namiji ya tsaya kusa da ita. Zakiyyu ya ce mijin zai iya zama dattijo, amma ba zai ɗauke ni don furfura ba, sai na yi gwaji kamar kowa. Na ji daɗin wannan. Mu huɗu muka tsaya, ni da wasu magidanta uku. Karon farko muryata ba ta kai ƙofar aji ba. Ya ce in sake, in tuna wani da ya ɓata mini rai. Ba sai na gaya maka wanda na tuna ba. Da na gama, Sadiya da ke tsaye a gabana har ta ja da baya. Ni aka ɗauka.

Mansur ya rasa babban matsayi, ba zan ɓoye maka ba ya ji zafi. Kwana biyu yana gaishe ni a tsaye. Yanzu an sa shi jagoran 'yan amshi, yana bayan matarsa yana karɓa mata waƙa, yana kuma yawo a unguwa yana cewa tsoho ya ƙwace masa mata da rana tsaka.

Jiya ƙanwarka Rukayya ta kunna mini saƙon muryar da ka turo mata, cewa na tsufa ina zubar muku da mutunci. Ko kunyar turo wa ƙanwarka ba ka ji ba. Haka ka ce lokacin da na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da shida, kana saurayi kana canza hanya don kada abokanka su gan ni da littafi a hammata. Da na biye maka a lokacin, wa zai kai shafi na talatin da biyu? Zakiyyu ya ji tsoron maganarka ta kotu, sai na rubuta masa takarda da hannuna cewa ni na haife ka, gidan nawa ne, kuma na ɗauki nauyin komai. Ranar Litinin aka liƙa sunaye a bango. Na Sadiya ne a sama, nawa na biye, na tsaya na karanta su har sau uku.

Abu biyu nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka kira Zakiyyu ka ba shi haƙuri. Sannan ka kira Sadiya, ba ta bakin mijinta ba, ita kanta, ka sa mata albarka. In ka sami mota mai zuwa Arewa a ƙarshen wata, ka zo ka zauna a sahun gaba ka kalli wasan. In ba ka zo ba, ba abin da za a fasa. Ranar Asabar ta farko zan sake ta a Zango, mako mai zuwa in sake ta a Mashi, haka har gari shida, kuma kullum kafin magariba za ta koma ɗakin ɗanka da igiyarta uku cif.

Ka gaida mini maiɗakinka Ma'u, da Yazid, da Firdausi, ka ce mata na ga hoton saukarta, Allah ya sa albarka. Mahaifiyarka tana gaishe ku, Rukayya ma haka. Allah ya shirye ka, ya yi maka albarka duk da haka.

Ni ne mahaifinka,
Sha'aban Muhammad, Daura.