Minti Huɗu da Aka Yanke

Phokeng, 9 ga Maris, 1954

Ƙanena Obed,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya. Mu nan muna yadda ka sani.

Na iso gida ran Asabar. Ka yi ta bina daga ƙofar kotu har tashar jirgi kana "Yaya, Yaya," ban juyo ba. Ba wulaƙanci ba ne. Da na buɗe baki a ranar, abin da zan faɗa maka ba zai gyaru ba har mu mutu.

Yanzu na zauna, ga tambayata. Shekara uku ke nan da na ɗora ɗana Tiro a mota na aika maka da shi, don kai ne kawunsa, kai ne kuma kake Johannesburg. Yaron da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kau da kai. Ga shi alƙali ya ce a rataye shi saboda ya soke mai gadi, dattijon da ya yi jika da shi. Matar mamacin tana bencin da ke gabana, lulluɓe da baƙin bargo. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Lauyan nan ya yi ta maganar wani fim, wai shi ya juya wa yaran kai, wai har farar safar hannun da aka kama Tiro da ita a can ya gani. Turawan da ke zaune suka yi dariya. Ni ban taɓa shiga sinima ba, kai kuwa shekararka goma sha biyu kana haska ta. Ka gaya mini abin da ɗana ya gani a wurin aikinka. Kada ka rarrashe ni, masu rarrashi sun cika mini gida.

Yayarka,
Seipati

*

Sophiatown, 21 ga Maris, 1954

Yaya Seipati,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya. Kin ce kada in rarrashe ki, to ba zan yi ba.

Tsohon fim ne na 'yan daban Amurka, ya girmi yaƙin da aka gama. Mai sinimarmu ya saye shi baki ɗaya, duk bayan 'yan watanni mukan maimaita shi don yana cika gida. Labarin wani ɗan talaka ne da ya taso a unguwa irin tamu, ya fara da satar lemo, ya wayi gari rabin birni nasa ne. Idan mutum ya raina shi, sai ya zare safar hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa. Daga nan mutumin ya gama yawo. Yara suka sa masa suna Mai Safa.

Ga abin da lauya bai sani ba. Duk fim ɗin da za a nuna wa baƙar fata yakan zo da takarda daga masu tacewa: a cire nan, a cire can. Ni ke cirewa, da almakashi da gam, in haɗa bakin biyu har ba a gane an taɓa. Takardar wannan ta ce a cire minti huɗu na ƙarshe, inda Mai Safa ya mutu, don ba a so mu ga Bature a wulaƙance. Na cire. Sai fim ɗin ya koma yana ƙarewa a inda ya shiga motarsa da mace a gefe, yana dariya, 'yan sanda na tsaye suna cizon yatsa. A nan mutane ke miƙewa da tafi da fito.

Shekarar farko Tiro bai sami aiki ba, sai ya riƙa hawowa ɗakin majigi ya zauna a kan akwati yana leƙe ta 'yar tagar. Ya kalli fim ɗin nan ya fi sau goma. Wata rana ya ce mini, "Kawu, kiɗan nan kamar ya tsinke. Nan ya ƙare?"

Na ce, "Nan ya ƙare. Matsa ka tare mini haske."

Yaya, guntun da na yanke yana cikin aljihun teburin da ya jingina da shi. Zan iya ce miki tsoron maigida ya sa na yi ƙarya, don ya hana a faɗa. Gaskiyar ita ce haushi na ji. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa gane mahaɗina sai shi.

Wannan shi ne abin da ya gani, da abin da na hana shi gani.

Ƙanenki mai biyayya,
Obed

*

Gidan Yari, Pretoria, 5 ga Mayu, 1954

Kawu na kaina,

Ina gaisuwa. Takarda ɗaya ake ba mu, shi ya sa ka ga rubutun kamar sahun tururuwa.

Mama ta zo ran Lahadi. Minti ashirin aka ba mu, goma ta yi tana kallona, goman da suka rage duk a kanka suka ƙare. Ashe kai ne babban ɓarawon Sophiatown! Mu muna wahalar fasa shaguna, kai kana sama a zaune kana sace ƙarshen fim. Da su Shoti, abokan fashina, sun sani da sun naɗa ka shugaba.

Ɗaukaka ƙarar ba ta yi ba, ka dai ji. A nan idan aka sanar da mutum ranar da za a rataye shi, sai layin ɗakunanmu duka ya ɗauki waƙar coci don kada ya zauna shi kaɗai da tunani. Muryata ta dawo, ni ke ba da waƙa yanzu. Ka gaya wa Mama, za ta ji daɗin wannan.

Kawu, ina da roƙo. Ka ba ni minti huɗun nan. Mama ta ce ya mutu, amma ba ta san yadda ya mutu ba. A tsaye? Da bindiga a hannu? Ya yi magana? Ka rubuto duka. Idan ka rage wani abu zan gane, ka san kunnena.

Ɗanka,
Tiro

*

Sophiatown, 16 ga Mayu, 1954

Tiro, ɗana,

Na gaishe ka, Allah ya tsaya tare da kai. Wannan ce wasiƙa ta uku da na rubuta. Biyun farko na sa ya mutu a tsaye, sai na yaga su.

Motar ba ta yi nisa ba. Abokinsa da ke tuƙi ya riga ya sayar da shi. A wata mararraba aka buɗe musu wuta, harsashi ya same shi a ciki. Matar ta buɗe ƙofa ta ruga, ba ta waiwaya ba. Ya ja jiki ta wani lungu, ya faɗa ɗakin girkin wani gidan abinci ta ƙofar baya. Babu kowa a ciki sai wani baƙar fata mai wanke kwanuka.

Mai Safa ya kwanta cikin ruwan wanke-wanke. Hularsa ta faɗi, ashe sanƙo gare shi. Ya yi kuka, Tiro, kuka da majina. Ya kira uwarsa. Ya ce wa mai wanke kwanukan ya ba shi ruwa. Da farko umarni ya yi, sannan ya cire zobensa ya miƙa, sannan ya haɗa shi da Allah. Mutumin yana tsaye da faranti a hannu yana kallonsa, bai matsa ba har ya daina motsi. Daga nan ya juya ya ci gaba da wanke farantinsa. Babu kiɗa, sai ƙarar famfo.

Ban rage komai ba. Ka tambaye ni tun kana da hanyar komawa, na yi maka ƙarya. Yanzu da na faɗa ban san amfanin da zai yi maka ba. Ka yafe mini idan za ka iya.

Kawunka,
Obed

*

Gidan Yari, Pretoria, 11 ga Yuni, 1954

Kawu,

Gaisuwa. Sanƙo! Na karanta wa na ɗakin kusa da ni ta ramin ƙofa, ya yi dariya har gandiroba ya zo yana bugun ƙarfe.

Ka sauke kayan nan daga kanka. Ba kai ka riƙe mini wuƙar ba. Da ka nuna mana, wataƙila da mun ce sakacinsa ne, wa ya aike shi amincewa da direba. Wataƙila kuma da na tsorata. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa lauya ba. Tsohon nan da na soka, shi ma ruwa ya roƙa, da Zulanci. Ya kira ni "ɗana". Famfo na nan taku biyar daga inda ya faɗi. Na ji su Shoti na fito a waje, sai na tsallake shi na gudu. Da na karanta wasiƙarka ban ga kaina a Mai Safa ba, a mai wanke kwanukan na ga kaina. Kada ka gaya wa Mama wannan.

An ba ni rana, Alhamis mai zuwa. Jiya ni aka yi wa waƙa.

Roƙona na ƙarshe: ka mayar da guntun nan inda ka ciro shi, ka nuna wa su Shoti. Ko mutum ɗaya.

Sai mun haɗu,
Tiro

*

Alexandra, 19 ga Yuli, 1954

Yaya Seipati,

Ina gaishe ki da ladabi, ina kuma yi miki ta'aziyyar da na kasa yi a ƙofar gidan yari. Na gan ki daga nesa sa'ad da suka miƙo miki ƙullin kayansa suka ce gawar ta hukuma ce. Na tsaya a can, ban ƙaraso inda kike ba.

Tiro ya bar mini wasiyya in nuna wa abokansa ƙarshen fim ɗin. Na yi, ran Asabar 10 ga wata, a nunin ƙarfe biyu na rana. Gida ya cika maƙil. Su Shoti na layin baya da hulunansu.

Da mota ta tashi, mutane suka fara miƙewa da fito kamar kullum. Sai suka ga hoto bai tsaya ba. Suka koma suka zauna. Wurin ya yi tsit, ba na jin komai sai kukan injina. Da ya fara kiran uwarsa, wani ya ɗaga murya, "Ƙarya ne, ba shi ba ne!" Wani ya ce, "Obed ya bugu!" Aka fara jifan allo da ɓawon lemo.

Sai ya roƙi ruwa. Wata mata a layin gaba ta miƙe ta ce, "Kada ka ba shi!" Kafin ki ce me, gida duka ya ɗauka, suna buga ƙafa a ƙasa: "Kada ka ba shi! Kada ka ba shi!" Da mutumin ya juya ga farantinsa, aka yi tafin da ban taɓa jin irinsa ba tun da na fara aikin nan. Ni mutuwa na so su gani su ji tsoro. Su kuwa Bature suka gani a ƙasa yana roƙon baƙar fata. Na zauna a kan akwatin da Tiro ke zama, na rasa abin da zan ji.

Shoti ya tare ni a gindin matakala, safarsa a hannu. Ya ce, "Tsoho, yau ka burge mu. Amma ai shi ya jawo wa kansa, wa ke yarda da direba?" Ya ba ni sigari ya wuce.

Bayan an watse na ga saurayi ɗaya bai tashi ba, ya rufe fuska da hula. Ban san shi ba. Ban sani ba ko kuka yake, ko giya ce ta kayar da shi. Da mai shara ya taɓa shi sai ya tashi ya fita.

Ran Litinin 'yan sanda suka zo. Maigida ya sallame ni a gabansu, ban ga laifinsa ba. A ofis aka buga wa fas ɗina, takardar izinin zama a birni, hatimi: in bar Johannesburg cikin kwana uku, in koma inda aka haife ni. Kwanakin sun wuce. Ina ɓoye a ɗakin wani abokina, ko bayan gida ba na zuwa sai na leƙa.

Yaya, inda aka haife ni shi ne gidan da kike ciki. Ba zan zo ba sai kin ce in zo. Idan kin ce a'a, zan miƙa kaina su kai ni gonakin dankali da ake kai masu laifin fas, ba zan kuma riƙe ki a zuciya ba.

Ƙanenki,
Obed

*

Phokeng, 27 ga Yuli, 1954

Obed,

Na gaishe ka. Wasiƙarka ta iso.

Motar Rustenburg, wadda ke kawo mutum kusa da nan, na tashi ran Juma'a da safe. Ka shigo ta. Ka zo da bargonka, sanyin bana ba kama na bara ba ne, ni kuma ba ni da na aro. Idan ka iso kada ka tsaya sallama a ƙofa kamar baƙo, mutane na kallo. Gidan ubanmu ne.

Za ka ci abin da na ci, za ka yi noma idan ruwa ya sauka. Maganar yafiya kuwa, kada ka tambaye ni bana.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Seipati