Kalmomi Biyun da Manaja Ya Faɗa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon gwiwar, yaya jikoki? Mu nan da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Kin san tun da ɓarin jikin Baban Auta ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ofishinsu suka ce ya zo ya gabatar da rahoton sashensa a gaban manya, su ga ko zai iya ci gaba da aiki. Kullum bayan la'asar sai ya tsaya a falo, ya dafa bayan kujera yana gwada gabatarwar, ni ce a matsayin manyan, har sai da ya daina sarƙewa.

Ranar taron majigi ya ƙi kamawa, takardu suka zube daga hannunsa, magana ta maƙale. Sai sabon manaja, wanda Baban Auta ne ya koya masa riƙe fayil, ya jingina da kujera ya yar masa da kalmomi biyu na Turanci. Ba zan ɓata takardata da su ba. Na sha gamuwa da su a littattafai. Masu harshen kan faɗe su ne a kan wasan da ya ƙi armashi, bayan an watse, ɗan wasan ya tafi. Ma'anarsu, abin kunya ne, ba ka taɓuka komai ba. Ba a faɗa wa mara lafiya su ido da ido. Yaron ya ari rigar mutane, bai tambayi inda ake sa ta ba.

Da ya dawo ya tambaye ni fassararsu, don Turancinsa na lissafi ne, ba na habaici ba. Na tausaya masa, na ce ana nufin an yi ƙoƙari, saura gyara kaɗan. Ya ci abinci sosai. Sun ba shi dama ta biyu wata mai zuwa. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Mai bakin nan

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri.

Jiya Auta ta tsaya a gabansa tana gwada jawabin da za ta yi a gasar makaranta. Ta yi kyau ƙwarai. Da ta gama, ya yi murmushi da gefen bakinsa mai motsi, ya faɗa mata kalmomin nan biyu, yana tsammanin yabo ne. Yarinyar da take ta ɗaya a Turanci! Ta fashe da kuka, tana tambayar me ta yi masa. Ya lallashe ta har ta faɗa masa ma'anarsu.

Na shirya ya yi faɗa, da ya yi da na ji daɗi. Bai yi ba. Sai kawai ya ce, "Ashe shi ya sa kowa ya sunkuyar da kai, ni kuwa har godiya na yi masa."

Da safe ya sa Auta ta kai musu katin shiga ofis da makullin durowarsa. Na roƙa, na yi masifa, na ce zan je in koya wa manajan Turanci da tarbiyya a zama ɗaya. Ya ce in bari, na fassara masa abin da ya isa.

Yaya, ki zo. Yana jin maganarki. Tawa kuwa, ko na ce masa shayi ya yi sanyi, sai ya taɓa kofin.

Ƙanwarki,
Maman Auta