Tsagen da Kika Sa Aka Yi Mini, Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ne ɗanki, daga unguwar Jamaica a New York. Kin san ban saba da wasiƙa ba, aji huɗu na yi aka cire ni. Kaset nake cika miki in ba matafiya. To yanzu babu kunnen da zan aika wa kaset, shi ya sa na ɗauki biro. In rubutun ya karkace, ki yi haƙuri.

Maganar fuskata ce ta kawo ni.

Kin sha ba ni labarin ranar sunana. Baba ya ce zamanin tsage ya wuce, a bar yaro da fuskarsa. Ke da ba kya musu da shi, ranar kika kafe. Kin tuna yayanki da ya rasu a Kumasi ba kowa nasa, sai da wata mai goro ta ga tsagen Gobirawa a kumatunsa, ta nemo 'yan gida suka yi masa sutura. Haka wanzami ya zauna, shida a wannan kunci, bakwai a wancan. Duk ranar da yara suka tsokane ni na dawo da kuka, amsarki ɗaya ce: "Ko ina ka faɗi, a san inda za a mayar da kai."

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki a kaset ba. Aikin da nake yi a filin jirgin JFK, na share cikin jirage in fasinja sun sauka, ba da sunana nake yinsa ba. Bizata ta ƙare tun shekarar farko. Wani bawan Allah, Awudu, ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi, shi ya ara mini katinsa na izinin aiki. Shekara biyar ke nan ana kirana Awudu ina amsawa. Fuskarsa sumul take, ko bille ba shi da shi. Ranar da na kai katin ofis, matar da ke karɓar takardu ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ɗora shi a injin kwafi, hoton ya fito baƙi ƙirin, ta jefa a fayil.

A nan na gane wani abu, Inna. Mutanen nan ba sa kallonmu. Suna ganin baƙi, amma ba sa ganin mutum. Da ni da Awudu da ɗan Haiti mai tura amalanken kaya, duk ɗaya ne a wurinsu. Da fari abin yana ci mini rai. Daga baya na lura rashin kallon nan shi ne rumfar da nake fakewa a ciki.

Yanzu sun fara kallo.

Tun bara ake ta gardama a rediyo kan wata doka a wata jiha can yamma. Wai malamin makaranta da ma'aikacin asibiti su riƙa tona asirin wanda suke zargin ba shi da takarda. Wasu jihohin suna cewa su ma a ba 'yan sandansu dama su tare mutum su tambaya. Nan ba a yi ba tukuna. Amma kin san hadari, tun yana gabas kaji ke shiga akurki.

Gardamar ta biyo mu har ƙofar masallaci ran Juma'a. Wani Alhaji da ke aiki a ofishin jakadanci, mai rawani da mota mai lamba ta daban, ya ce kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ke cikinta, mai takarda kuma ba shi da abin tsoro. Ban ƙi maganarsa duka ba. Ko a garinmu baƙo sai ya gai da mai unguwa. Amma Awudu ya yi dariya ya ce, "Alhaji, takardar a goshi ake manna ta? Kafin ɗan sanda ya ga takardarka, me ya fara gani?" Alhaji ya ce Awudu ya cika surutun 'yan tasi. Awudu ya ce shi da katinsa na gaskiya, sau uku aka tare shi a wata guda, kuma bai taɓa ganin an tare jar fatar da ke tuƙi a gabansa ba. Ni dai na sa takalmina na kama hanya. Wanda ake gardama a kansa shi ne ba ya iya sa baki.

Jirgin da ke zuwa ƙasashenmu ni nake share shi, Inna. Lokacin da labarin rasuwarki ya iso gare ni, bayan an yi sadakar arba'in, a cikinsa na yi kukana, ina kwashe bawon lemo daga ƙarƙashin kujeru. Ina shigarsa kullum, ba na iya tafiya da shi. Kwanan nan kuwa, sau biyu ina fita ana shigo da wasu ta ƙofar baya, hannu a ɗaure, ba jaka ko ɗaya. Ɗayansu ya dube ni, ya dubi kumatuna, ya ce "Sannu, Bagobiri." Na sunkuyar da kai kamar ban ji Hausa ba. Har yau abin bai sake ni ba.

Shugabanmu a wurin aiki, wanda shekara biyar bai bambanta ni da tsintsiyata ba, makon jiya ya tsaya ya ƙura mini ido. Ya sa yatsa a kuncinsa ya ja layi, ya tambaye ni wa ya yi mini wannan. Na ce mahaifiyata. Ya gyaɗa kai a hankali ya wuce. Kwana biyu bayan haka aka manna sanarwa: ran Litinin kowa ya zo da ainihin katinsa, za a duba mutum a duba hoto.

Matar Awudu, mace mai kirki, ta sayo mini wata hoda mai kauri a unguwar Flatbush, irin ta amare. Ta zaunar da ni a falonsu ta cike layukan ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yanta biyu suna leƙe suna dariya da Turanci. Da ta miƙo madubi sai na ga wani mutum sumul, ba ɗan kowa ba. Na daɗe ina kallonsa. Sai lokacin azahar ya yi, na shiga alwala. Wankin fuska na farko, tsagenki ya dawo, duk goma sha ukun.

Ina tsaye a gaban famfo ina jin muryar yaran nan. In na kai katin aka gane, ba ni kaɗai za a ɗaure ba, har da ubansu. Da na idar da salla na ajiye wa Awudu katinsa a kan tebur. Ya ce, "Kai mahaukaci ne? Me za ka ci?" Na ce Allah na nan. Ya bi ni har matakala yana zagina, idonsa ya yi ja.

Gobe ce Litinin ɗin. Ba zan je ba, kuma rashin zuwan ma amsa ce, sun san adireshina. Na haɗa kayana a jaka ɗaya, wani ɗan Maraɗi ya ce in zo in raɓa a ɗakinsa. Ɗazu da la'asar ina jiran bas, motar 'yan sanda ta zo wucewa ta rage gudu. Mu biyar ne a tsaye. Na cikin bai dubi kowa ba sai ni, kuma ba idona ya duba ba. Suka wuce, suka kai kwana, suka tsaya.

Ban yi fushi da ke ba, Inna. Yanzu ba ni da kati, ba ni da sunan aro, abin da kika rubuta da askar wanzami shi kaɗai ya rage mini. Kin so a san inda za a mayar da ni, ga shi kuwa suna gab da sani. Abin da ke tsinka mini zuciya, in sun mayar da ni, ba ke za ki buɗe ƙofa ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya yafe mini ƙaryar shekara biyar. Allah ya rufa wa Awudu da iyalinsa asiri. In kuma faɗuwar ta zo, Allah ya sa mai goro ce za ta fara ganina.

Ɗanki da ba ki taɓa kiran sunansa ba don kunya,
Isiyaku, Mai-sunan-Malam.